Hannu a Kan Ciwo: Me Ya Sa Muke Dafa Inda Ke Mana Zafi?

Duk wanda ya shiga kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, ya tsaya ya kalli masu lodin shanu da masu dakon buhunan riɗi da zoɓo, zai ga wani abu da ake yi sau ɗari a wuni ba tare da kowa ya kula da shi ba. Sa ya taka ƙafar mai kora, ko ƙofar mota ta datse yatsan ɗan dako, ko igiya ta goge wa wani tafin hannu. Kafin mutumin ya ce "wash", hannunsa ya riga ya kai wurin. Ya dafe, ya murza, ya hura masa iska, wani ma ya jefa yatsan a baki. Haka yaron da ya yi tuntuɓe a hanyar makaranta a Gagarawa yake yi, haka matar da ƙarangiya ta soka a gonar gero a Sule Tankarkar take yi. Babu wanda ya koya musu. Hasali ma na'urar ɗaukar hoton ciki ta nuna cewa tun ɗan tayi yana cikin mahaifa yakan shafa fuskarsa, yakan tsotsi babban yatsansa.

Ba ciwon jiki kaɗai ke jawo hannu ba. Harshen Hausa cike yake da sunayen irin taɓa kai da mutum ke yi idan zuciyarsa ce ke ciwo. Wanda baƙin ciki ya dama yakan zuba tagumi, wanda aka faɗa wa mummunan labari yakan dafe ƙirji, wanda aka yi wa rashi yakan ɗora hannu a ka, mai nadama ya ciji yatsa, mai jin kunya ya sosa ƙeya. Tambayar da wannan maƙala za ta bi ita ce: shin wannan hannu yana rage zafi da gaske, ko kuwa sabo ne kurum? Masana sun auna, sun kuma samu cewa yana ragewa, ta hanyoyin da aka san wasunsu sarai. Sai dai ragewar tana da iyaka, kuma sanin iyakar na iya zama sanadin tsirar rai.

Saƙo uku, gudu uku

Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa abubuwa da yawa: akwai ta jini, akwai wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, akwai kuma wadda ke kai saƙo tsakanin sassan jiki da ƙwaƙwalwa. Wannan ta ƙarshe muke nufi a nan, za mu kuma riƙa kiranta jijiyar saƙo. Fatar mutum a shimfiɗe take da bakunan waɗannan jijiyoyi, kowane iri da aikinsa. Daga fata sukan bi su shiga laka, wato farin abin nan mai laushi da ke cikin ƙashin baya, daga can saƙo ya hau zuwa ƙwaƙwalwa.

Iri uku ne suka shafi zancenmu. Na farko su ne masu kauri, waɗanda ke sanye da wata rigar kitse kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Su ke ɗaukar saƙon taɓawa da dannawa da girgiza, kuma gudunsu yakan kai mita 30 zuwa 70 a sakan ɗaya. Mita 60 a sakan daidai yake da kilomita 216 a awa, gudun da babu direban da zai yi shi a hanyar Gumel zuwa Kano ya kwana lafiya. Na biyu sirara ne masu 'yar riga, suna ɗaukar zafi mai tsini, irin na sukar ƙaya, da gudun mita 5 zuwa 30 a sakan. Na uku kuwa su ne mafi siranta, ba su da riga ko kaɗan, suna ɗaukar zafi mai raɗaɗi da zogi, kuma ba su cika wuce mita 1 ko 2 a sakan ba, wato tafiyar jaki mai kaya.

Wannan bambancin gudu kowa ya taɓa jin sa a jikinsa. Idan ka yi tuntuɓe da dutse, da farko za ka ji bugun da wani zafi mai kaifi, sai a ɗan yi shiru kamar na sakan guda, sannan zogin ya taso ya mamaye yatsan. Shirun nan lokacin da saƙon jijiyoyi marasa riga ke kan hanya ne, domin daga yatsan ƙafa zuwa laka akwai tazarar kusan mita ɗaya a jikin babban mutum.

Ƙofar da ke cikin laka

Shekaru da dama masana sun ɗauka cewa zafi kamar igiyar ƙararrawa yake: a ja a fata, ta kaɗa a ƙwaƙwalwa, gwargwadon ja gwargwadon ƙara. A shekarar 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack ɗan ƙasar Kanada da Patrick Wall ɗan Ingila, suka fito da wani bayani da ya sauya wannan fahimta. Suka ce a cikin laka, a daidai inda jijiyoyin fata ke shiga, akwai wasu ƙananan ƙwayoyin jijiya da ke aiki tamkar masu tsaron ƙofa. Saƙon zafi idan ya iso yakan tura ƙofar ta buɗe ya wuce sama. Amma idan saƙon taɓawa, wanda ke zuwa ta jijiyoyi masu kauri daga wannan yanki na fata, ya iso, sai ya zaburar da masu tsaron su tura ƙofar ta koma, ya zama kaɗan ne daga saƙon zafin ke samun wucewa.

Mutumin Maigatari ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan, tunda garinsa a bakin iyakar Nijeriya da Nijar yake. Ya san cewa yawan kayan da suka taso daga wani wuri daban, yawan waɗanda suka ƙetare shinge daban, kuma abin da ya faru a bakin shingen shi ke raba su. To haka zafi yake. Raunin da ke yatsa bai canza ba don ka murza shi, amma adadin saƙon da ya isa ƙwaƙwalwa ya ragu, kuma abin da ya isa ƙwaƙwalwa shi mutum ke ji. Shi ya sa murzawa ta fi dafawa kawai tasiri, domin motsi yana ta da jijiyoyin taɓawa a kai a kai, alhali hannun da aka ajiye shiru jim kaɗan fata ke sabawa da shi. Shi ya sa kuma dole a murza kusa da ciwon. Wanda ya buge guiwa ya kama murza kunne bai yi wa ƙofar guiwa komai ba.

Binciken da ya biyo baya ya gyara wasu sassa na bayanin Melzack da Wall, domin tsarin da ke cikin laka ya fi yadda suka zana shi sarƙaƙiya nesa ba kusa ba. Amma ginshiƙin maganar ya tsaya har yau, kuma a kansa aka ƙera wata 'yar na'ura mai batir da ake manna wa fata, tana aika lantarki mai rauni don ta da jijiyoyin taɓawa, wadda masu gashin ƙashi a asibitoci ke amfani da ita.

Akwai kuma abu na biyu da suka faɗa, wanda a ganina ya fi na farkon muhimmanci: ƙofar nan ana iya tura ta daga sama. Ƙwaƙwalwa tana da jijiyoyin da ke saukowa cikin laka su rage ko su ƙara abin da ke wucewa. A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz, a Jami'ar Aberdeen ta ƙasar Sikotilan, suka gano cewa jiki da kansa yana sarrafa wasu sinadarai masu aiki irin na maganin kashe zafin nan mai ƙarfi, mofin. Ɗan damben da bai san leɓensa ya fashe ba sai bayan an raba, wannan hanya ce ta yi masa aiki. Tsoro da fargaba da rashin barci kuwa sukan wangale ƙofar. Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san cewa haƙorin da ya yi sauƙi da rana a cikin mutane shi ne ke hana shi sakat da tsakar dare.

Hannunka daban, hannun wani daban

Idan da bayanin ƙofa shi ke nan, da babu bambanci tsakanin ka murza da hannunka da wani ya murza maka, ko ma a goga maka tsumma. Amma akwai bambanci, kuma wasan yara ne ya fara nuna shi. Gwada yi wa kanka cakulkuli a tafin ƙafa ko a hammata. Ba za ka yi dariya ba. Abokinka kuwa yana kai yatsa wurin za ka zabura.

A 1998 Sarah-Jayne Blakemore da Daniel Wolpert da Chris Frith, a birnin Landan, suka binciki wannan da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Suka ga cewa idan mutum ne ya taɓa kansa, sashen ƙwaƙwalwa mai karɓar saƙon fata ba ya motsawa kamar yadda yake yi idan wani ne ya taɓa shi. Dalili shi ne, duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta ba hannu umarnin motsi, wani sashe nata da ke wajen ƙeya, wanda ake kira ƙaramar ƙwaƙwalwa, yakan yi kirdadon abin da fata za ta ji, sai a rage ƙarfin saƙon tun kafin ya iso, tunda ba baƙo ba ne. Da suka sa wata na'ura tsakanin hannun mutum da tafinsa, yadda taɓawar za ta makara da kashi ɗaya cikin biyar na sakan, sai cakulkulin ya fara dawowa. Kirdadon ya saɓa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka wani ne. Daga baya, a 2019, Rebecca Boehme da abokan aikinta a Jami'ar Linköping ta ƙasar Suwidin suka sami alamar cewa wannan rarrabewa tsakanin taɓawar kai da ta wani tana farawa tun daga laka.

Gwajin da ya fi kusa da tambayarmu shi ne wanda Marjolein Kammers da Frédérique de Vignemont da Patrick Haggard suka buga a 2010. Sun yi amfani da wani ruɗin jiki da masanin Suwidin Torsten Thunberg ya gano tun 1896. Idan aka tsoma manuniya da yatsan zobe a ruwan ɗumi, aka tsoma na tsakiya a ruwan sanyi, sai mutum ya ji kamar na tsakiyar yana ƙuna, alhali babu abin da ya ƙone shi. Amfanin wannan ruɗi shi ne ana iya jawo zafi ba tare da an ji wa kowa rauni ba. Suka yi wa mutane haka a hannu biyu, sannan suka ce su fitar da hannuwan su haɗa yatsu ukun nan na dama da 'yan'uwansu na hagu. Zafin da ake ji a yatsan tsakiya ya ragu da kashi 64 cikin 100. Da aka sa mutum ya haɗa yatsunsa da na wani wanda aka yi wa irin wannan tsomi, zafin bai ragu haka ba. Da aka haɗa yatsa ɗaya ko biyu kawai, nan ma bai ragu ba.

Me ke nan? Fassarar da masu binciken suka bayar ita ce, ƙwaƙwalwa tana riƙe da wata taswira ta jiki, kuma zafi yana da nasaba da yadda taswirar take a daidai wannan lokaci. Idan hannu ya taɓa hannu, saƙo yana zuwa daga ɓangare biyu a tare, na mai taɓawa da na wanda aka taɓa, duka kuma sun dace da umarnin da ƙwaƙwalwa ta bayar. Wannan dacewa takan daidaita taswirar, ta rage ruɗanin da zafi ya kawo. Sai a lura, wannan fassara ce, kuma zafin da aka auna na ruɗi ne, ba na sarar lauje ba. Amma ta dace da wani abu da aka daɗe da tabbatarwa: zafin da mutum ya san lokacin zuwansa, yake kuma da iko a kansa, ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda ya zo masa ba zato. Yaron da ya ce a bar shi ya cire ƙayar da kansa ba taurin kai kaɗai yake yi ba.

Malamin kimiyya zai iya yin wannan gwaji a aji da kofuna uku a kowane hannu. Ruwan ɗumin kada ya wuce wanda za a yi wa jariri wanka da shi, na sanyin kuma a sa masa 'yar ƙanƙara. A sani cewa ba kowane ɗalibi ne zai ji ƙunar ba, domin mutane sun bambanta a wannan, kuma rubuta adadin waɗanda suka ji da waɗanda ba su ji ba shi kansa darasi ne.

Zancen tagumi

A gidajenmu idan yaro ya zuba tagumi akan ce masa ya cire, wasu ma su janye hannun da kansu. Manufar iyaye mai kyau ce, ba sa son ganin ɗansu cikin damuwa. Sai dai janye hannun ba ya janye damuwar, kuma akwai dalilin zaton cewa tagumin yana cikin abin da jiki ke yi don ya lallashi kansa.

Ba banza ba harsuna da yawa suke aron kalmomin ciwon jiki su faɗi na zuciya. Bahaushe yakan ce magana ta yi masa zafi, ko abu ya sosa masa rai, ko ya ƙona masa zuciya. A 2003 Naomi Eisenberger da abokan aikinta a Amurka suka sa mutane wasan jefa ƙwallo a kwamfuta, aka shirya yadda za a ware su a daina jefa musu, suka ga wani sashen ƙwaƙwalwa da ke motsawa lokacin ciwon jiki ya motsa. Binciken baya ya nuna cewa zafin biyu ba abu ɗaya ba ne tsaf, kowanne da salon motsinsa, amma suna maƙwabtaka, kuma ɗaya yana ƙara wa ɗaya. Mai baƙin ciki ya fi jin ciwon bayansa, mai daɗaɗɗen ciwon baya kuma ya fi saurin shiga baƙin ciki.

A fata ma akwai jijiyoyin da kamar don lallashi aka yi su. Masana a birnin Gothenburg na Suwidin sun gano wasu jijiyoyi marasa riga, a sassan fata masu gashi kamar dantse da baya, waɗanda ba zafi suke ɗauka ba. A 2009 Line Löken da abokan aikinta suka nuna cewa waɗannan jijiyoyi sun fi motsawa idan aka shafa fata a hankali, da gudun santimita 1 zuwa 10 a sakan, kuma wannan gudun ne mutane suka ce ya fi musu daɗi. Daga baya aka ga sun fi amsawa idan abin shafar yana da ɗumi irin na fatar mutum. Uwar da ke shafa bayan jaririnta ba ta taɓa auna santimita ba, amma da wannan gudun take yi.

To idan babu mai shafa fa? A 2021 Aljoscha Dreisoerner da abokan aikinsa a Jami'ar Goethe da ke Frankfurt ta ƙasar Jamus suka gwada mutum 159. Aka kasa su uku. Kashi ɗaya wani baƙo ya rungume su na sakan 20, kashi na biyu suka ɗora hannu a ƙirjinsu ko cikinsu ko suka shafa dantsensu na sakan 20, kashi na uku aka ba su takarda su naɗa jirgin wasa. Sannan aka tsayar da kowa gaban alƙalai ya yi jawabi, ya kuma yi lissafi da ka, abin da duk ɗalibin da aka taɓa tsayarwa gaban allo ya san nauyinsa. Aka riƙa auna wani sinadari mai suna kotisol a yawunsu, wanda jiki ke ƙara fitarwa lokacin firgici. Waɗanda aka runguma da waɗanda suka dafa kansu duka kotisol ɗinsu ya fi na masu jirgin takarda ƙasa. Amma bugun zuciyarsu bai bambanta ba, kuma da aka tambaye su yadda suka ji, amsarsu ba ta bambanta da ta sauran ba. Bincike ɗaya ne, a kan mutanen ƙasa ɗaya, saboda haka bai kamata a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Iyakar abin da za a ce shi ne, ɗalibin da ya ɗora hannu a ƙirji ya ja numfashi a hankali kafin a raba takardar jarrabawa bai yi asarar komai ba, kuma akwai alamar jikinsa ya amfana.

Mai karatu Musulmi zai tuna cewa ɗora hannu a kan ciwo ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Usman ɗan Abul-As, Allah Ya yarda da shi, ya kai kukan wani ciwo da ke damunsa ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya umarce shi da ya ɗora hannunsa a inda ke masa ciwo, ya ambaci sunan Allah sau uku, ya nemi tsari sau bakwai. Kimiyya ba ta da ma'aunin addu'a, wannan fagen malamai ne. Abin da ta iya aunawa shi ne hannun kawai.

Kada kuma a fahimci cewa hannun mutum ya wadatar da shi daga na 'yan'uwansa. A 2006 James Coan da abokan aikinsa a Amurka suka sa mata 16 cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, aka tsorata su da cewa za a ɗan ja su da lantarki. Da suka riƙe hannun mazajensu, sassan ƙwaƙwalwa masu amsa barazana sun lafa fiye da lokacin da suke su kaɗai. Saboda haka yaron da aka gani cikin tagumi, abin da ya fi cire masa hannu shi ne a zauna kusa da shi a tambaye shi abin da ke damunsa. Idan kuwa damuwar ta wuce mako biyu, ya daina cin abinci da barci yadda ya saba, ya janye daga abokai, ko ya fara maganar gajiya da rayuwa, to wannan ciwo ne da ke da magani, a kai shi ga likita.

Man zafi

Da wuya a sami teburin mai kayan koli a Gumel ko Maigatari da babu kwalbar Robb ko wani man zafi a kai. Aikinsa kashi biyu ne. Kashi ɗaya murzawar ce da kanta, wadda muka riga muka bayyana. Ɗaya kashin kuma sinadaran da ke ciki ne, irin su mantol da kafur, waɗanda ke yaudarar bakunan jijiyoyi masu jin sanyi da ɗumi. A 1997 David Julius da abokan aikinsa suka gano ƙofar da sinadarin barkono ke buɗewa a jikin jijiya, suka ga ita ce kuma zafin wuta ke buɗewa, shi ya sa yaji ke "ƙuna" a baki. A 2002 aka gano wadda mantol ke buɗewa, wato ta sanyi. A 2010 Ardem Patapoutian da nasa abokan aikin suka gano ƙofofin da dannawa ke buɗewa, waɗanda da su muke jin taɓawa. Mutanen biyu sun sami kyautar Nobel a 2021. Man zafi ke nan ba ya shiga cikin tsoka ya gyara ta, cika hanyar yake yi da saƙon sanyi da ɗumi har na ciwon ya rasa wurin wucewa. Don haka ba a shafa shi a buɗaɗɗen rauni, ko kusa da ido, ko a hancin jariri.

Inda murzawa ke cutarwa

Hausawa na cewa jiki magayi. Zafi saƙo ne, kuma duk abin da muka bayyana a sama hanyoyin rage ƙarar saƙon ne, babu wanda ya taɓa abin da ya aiko shi. A tuntuɓe da gajiyar noma da ɗan ciwon wuya bayan ɗaukar kaya, wannan ya isa, domin jiki zai gyara kansa. A wasu wuraren kuwa hannu ɓarna yake yi.

Saran maciji, musamman kububuwa, ba a murza shi, ba a tsaga shi, ba a tsotsa, ba a kuma ɗaure gaɓar tamau. A hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibitin da ke da allurar dafi. Ƙuna ba a goga ta, a zuba mata ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har minti 20. Gaɓar da ake zaton ta karye ba a yi mata tausa. Sharaɓar da ta kumbura a ƙafa ɗaya, ta yi zafi da ɗumi, musamman ga mai jego ko wanda ya daɗe a kwance ko ya yi doguwar tafiya a zaune, tana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, kuma tausa na iya ɓalle shi ya tafi huhu. Ido kuwa idan ƙura ta shiga, wanke shi ake yi da ruwa mai tsabta, domin murzawa na iya karce shi, kuma ta hannu afolo ke yawo daga ɗalibi zuwa ɗalibi. Wani bincike da aka buga a 2015 ya ƙirga cewa ɗaliban likitanci a wata jami'a ta Ostireliya suna taɓa fuskarsu kimanin sau 23 a awa ɗaya, ba tare da sun sani ba. Hannun da ke zuwa fuska haka ya cancanci sabulu.

Wanda ya fi shafar yankinmu shi ne sanƙarau. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake zaton sun kamu da shi a Nijeriya a wannan kakar daga Jigawa suke, kuma ƙananan hukumomin Maigatari da Sule Tankarkar suna cikin waɗanda abin ya fi tsananta. Cutar takan fara da ciwon kai da zazzaɓi, abin da kowa ya saba dafewa ya shafa wa man zafi ya kwanta. Amma idan ciwon kai mai tsanani ya haɗu da zazzaɓi da ƙagewar wuya, ko amai, ko ƙin haske, ko ruɗewa, musamman daga lokacin hunturu zuwa bazara, to awoyi ake ƙirgawa, kuma daren da aka ɓata ana tausa yana iya zama wanda aka rasa yaron a cikinsa. Haka mai sikila: ɗumi da tausa mai laushi da shan ruwa suna taimaka masa a ƙaramin ciwo, amma idan zazzaɓi ko ciwon ƙirji ko wahalar numfashi suka shigo, asibiti za a nufa.

A can asibitin ma hannun yana da sauran aiki, domin likitoci suna karanta yadda majiyyaci ke dafa kansa. Wanda ya dunƙule hannu ya ɗora a tsakiyar ƙirji yana cewa kamar an danne shi da dutse, likita zai fara tunanin zuciya, alamar da aka sa wa sunan likitan Amurka Samuel Levine. Wanda ya nuna wuri da yatsa ɗaya yana ba da labari daban da wanda ya shafa duk cikinsa da tafi. Ciwon da ya faro a wajen cibiya sannan ya koma ƙasan ciki ta dama, mai shi yana tafiya a duƙe yana dafe wurin, yakan sa a yi zaton kumburin 'yar hanjin nan da ake cirewa da tiyata. Don haka idan ka raka mara lafiya, ka bar shi ya nuna wurin da hannunsa, ka kuma faɗa wa likita inda ya fara dafawa da inda yake dafawa yanzu, da awa nawa ke tsakani.